Waƙar da Ta Tsira da Dokar da Aka Ƙaga: Darasi Daga Tsibiran Filifin

Idan aka ambaci ƙasar Filifin a gabanmu, abin da yakan fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne labarin da iyayenmu ke ba mu na malaman nan 'yan Filifin da suka yi aiki a makarantun sakandare na ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980, suna koyar da lissafi da kimiyya. Sunayensu irin na Turawan Sifen ne, harshen da suke koyarwa da shi kuwa Ingilishi. Wanda ya tsaya a kan sunan da harshen kaɗai, sai ya zaci mutanen ba su gaji kome daga kakanninsu ba, duk abin da ke hannunsu baƙo ne ya kawo musu. To, wannan zato kuskure ne babba. Mun ɗauki alƙalami ne domin mu nuna kuskuren, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu a kan abin da ya sami adabin gargajiyar mutanen nan, domin akwai wa'azi a cikinsa ga duk ɗalibin da gobe za a danƙa wa ragamar ilmi da al'adu.

Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, an kasa su kashi uku, watau Luzon a arewa, da Bisaya a tsakiya, da Mindanao a kudu. Mutanenta sun haura miliyan 100, harsunansu kuma sun fi 170. Majelan, matuƙin jirgin ruwan nan da ke yi wa Sarkin Sifen aiki, ya isa can a 1521, kuma a can ajalinsa ya sauka, a tsibirin Mactan, a hannun mayaƙan wani basarake mai suna Lapulapu. Zaman Turawan Sifen sosai ya fara ne a 1565, suka kama Manila a 1571, suka ci gaba da mulki har 1898, lokacin da Amurka ta karɓe ƙasar ta riƙe har 1946. Ko sunan ƙasar ma daga sunan Sarki Filibus na Biyu na Sifen aka ciro shi. Tambayar da ke gabanmu ita ce, kafin duk wannan, me mutanen ke rerawa, me suke faɗa wa 'ya'yansu da dare, kuma ina abin ya tafi?

ABIN DA BAƘI SUKA TARAR

Mu fara da rubutu, tun da yake a nan ne aka fi yi wa mutanen da aka mallaka gori. A 1989 wani mai haƙar yashi a bakin kogin Lumbang, a lardin Laguna, ya tsinci wani ɗan fallen tagulla mai rubutu a jikinsa. Da wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Antoon Postma ya warware rubutun, sai aka ga takardar shaida ce ta yafe wa wani mutum mai suna Namwaran da zuriyarsa bashin zinariya kusan kilo guda. Kwanan watan da ke jiki ya yi daidai da shekara ta 900, watau fiye da shekara 600 kafin Majelan ya taka ƙasar. Harshen tsohon Malayanci ne gauraye da kalmomin Sanskirit na Indiya. Ashe tun a wancan zamani akwai bashi da shaidu da sarakuna da marubuta, da kuma hulɗa da ƙasashen ƙetare.

Sa'ad da Turawan Sifen suka zauna, sun tarar da mutanen Tagalog na wajen Manila suna da nasu haruffa da ake kira baybayin, guda 17, wasula 3 da baƙaƙe 14, ana sa ɗigo a sama ko a ƙasan baƙi domin canja wasalinsa, kusan yadda muke yi wa ajami wasali. Da tsinin wuƙa suke rubutawa a jikin gora ko a kan ganye. Wani limamin Kirista mai suna Pedro Chirino ya shaida a littafinsa na 1604 cewa da wuya a sami namiji, balle mace, wanda bai iya karatu da rubutu da haruffan nan ba. Ko littafin koyar da addinin Kirista da aka buga a Manila a 1593 sai da aka sa baybayin a cikinsa, domin da shi ne jama'a za su iya karantawa.

Amma fa rubutun nan na wasiƙa ne da gajerun saƙonni da 'yan baitoci. Babban adabin yana baki, kuma kusan kowane aiki na rayuwa da irin waƙarsa. Akwai ta lallashin jariri, akwai ta masu tuƙa kwalekwale wadda ke daidaita musu bugun filafili, akwai ta biki, da ta yaƙi, da ta makoki irin wadda mutanen Iloko ke kira dung-aw, inda ake tsayawa a gaban gawa ana rera tarihin mamacin cikin kuka. Akwai kacici-kacici, bugtong a harshen Tagalog, da karin magana, salawikain, galibinsu ɗango biyu masu ƙafiya ɗaya. Akwai kuma tanaga, 'yar waƙa mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa bakwai, wadda ake ɗauko hoto daga tsiro ko ruwa ko dabba a lulluɓe wata hikima da shi. Game da asalin ɗan Adam, suna da labarin gorar da tsuntsu ya sassara ta tsage biyu, namiji na farko da mace ta farko suka fito daga ciki tare. Masu riƙe da yawancin wannan ilmi mata ne, waɗanda mutanen Bisaya ke kira babaylan, mutanen Tagalog kuma katalonan. Su ne masu magani, su ne masu jagorancin bautar gargajiya, su ne kuma ma'ajiyar tarihin kakanni.

MANYAN WAƘOƘIN JARUNTA

A bisa dukkan waɗannan akwai dogayen waƙoƙin jarunta da akan kwana ana rerawa, kuma su ne suka fi cancanta mu daɗe a kansu.

A kan duwatsun arewacin Luzon akwai mutanen Ifugao, waɗanda suka sassaƙe gefen tsaunuka suka mai da su gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala. Waƙarsu ita ce Hudhud, kuma ta ƙunshi labarai fiye da 200. Ana rera ta lokacin aikin shinkafa, musamman girbi, da kuma wurin zaman makoki. Jagorar waƙar yawanci tsohuwa ce, ita ke ba da labarin, sauran matan da ke aiki a gona suna yi mata amshi, kuma labari guda yakan ci kwana uku ko huɗu. Shahararren jarumin cikinta shi ne Aliguyon, wanda ya fita domin ya ci gaba da gabar da ya gada daga ubansa. Ya haɗu da Pumbakhayon, ɗan abokin gabar uban, suka yi ta jifan juna da mashi, kowa na cafe mashin ɗan'uwansa a sama yana mayarwa, aka daɗe ana haka ba wanda ya ka da wani. Daga ƙarshe girman juna ya shiga zukatansu, suka yi sulhu, kowannensu ya auri 'yar'uwar ɗayan. Mu lura, a ƙasar da ramuwar gayya ke cin rayuka, matan da ke girbi suna koya wa 'ya'yansu cewa ƙarshen jarunta shi ne surukuta.

A tsakiyar tsibirin Panay akwai mutanen tudu da ake kira Sulod, masu waƙar Hinilawod, labarin 'yan'uwa uku jarumai, Labaw Donggon da Humadapnon da Dumalapdap, da tafiye-tafiyensu a duniyar sama da ta ƙasa. Tsawonta ya kai ɗango dubu 28 ko fiye, kuma rera ta duka yakan ɗauki kwana uku. A al'adarsu ta dā akan zaɓi yarinya tun tana ƙarama a tsare ta a ɗaka, ba ta zuwa gona, rana ba ta taɓa ta, ana kiranta binukot, kuma cikin abin da take koya a wannan zama har da haddar waƙoƙin nan. Duniyar ilmi ba ta san girman abin ba sai a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da wani saurayi ɗan tsibirin, F. Landa Jocano, ya hau duwatsu da na'urar ɗaukar magana, ya zauna gaban wani tsoho mai suna Ulang Udig da wata tsohuwa mai suna Hugan-an, ya ɗauki abin da ke bakinsu. Shekarun Jocano a lokacin ba su fi na yawancinmu da wani abin kirki ba.

A Mindanao kuwa, a gewayen tafkin Lanao, akwai mutanen Maranao, Musulmi, masu waƙar Darangen. Ta kasu kashi 17, jimlar ɗangwayenta 72,000. Tana ba da labarin daular Bembaran da jarumanta, musamman Bantugan, kuma a cikinta ne Maranao suka zuba dokokinsu na gargajiya, da ladubban zama da mutane, da ƙa'idojin neman aure da na sulhu. Asalinta ya girmi zuwan Musulunci yankin, wanda ya fara shiga tsibiran Sulu wajen ƙarshen ƙarni na 14. Da Musulunci ya kafu, iyalai suka riƙa rubuta sassanta da haruffan Larabci da suka daidaita da harshensu, abin da suke kira kirim, watau dai ajaminsu. Da irin wannan rubutu ne kuma sarakunan Sulu da Magindanao suka adana jerin kakanninsu a takardun da suke kira tarsila, kalmar da ta fito daga tushen Larabci ɗaya da tamu kalmar salsala.

INA SAURAN SUKA TAFI?

Duk mai lura zai ga wani abu a jerin nan. Ifugao mutanen tsauni ne da Sifen ba ta taɓa mallaka sosai ba. Sulod mutanen tudu ne masu nisa da gari. Maranao kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi da Sifen. Amma mutanen Tagalog, waɗanda suka fi kowa kusa da Manila, waɗanda harshensu ne ya zama tushen harshen ƙasa a yau, ba su da doguwar waƙar jarunta ko ɗaya da ta iso zamaninmu cikakkiya daga bakin kakanni. Me ya faru?

Amsar da aka fi so ita ce wai limaman Sifen sun tattara littattafan mutane sun ƙone. Amsa ce mai daɗin faɗa a wurin taro, domin tana ɗora laifin duka a kan baƙo. Lalle an yi irin wannan ƙone-ƙone a wani wuri, domin a 1562 limami Diego de Landa ya ƙone littattafan mutanen Maya a ƙasar Meziko ta yau. Amma masana tarihin Filifin da suka bi takardu ba su sami shaidar wata gagarumar ƙonawa irin wannan a tsibiran ba. Hasali ma a jami'ar Santo Tomas ta Manila akwai takardun cinikin fili guda biyu, na 1613 da 1625, rubuce da baybayin, abin da ke nuna an ci gaba da aiki da shi a ƙarƙashin Sifen. Kuma yawancin kacici-kacici da karin magana da tanaga na dā da aka sani yau, daga ƙamus ɗin Tagalog na limamai biyu, Noceda da Sanlucar, wanda aka buga a 1754, aka samo su, inda suka kawo su a matsayin misalan kalmomi.

Abin da ya kashe adabin ya fi wuta natsuwa. An tattara mutane daga ƙauyukansu aka zaunar da su a garuruwa kewaye da coci, inda kowa ke jin ƙararrawa. An tsananta wa babaylan, aka mai da su matsafa abin gudu, har wani daga cikinsu mai suna Tamblot ya ta da tawaye a tsibirin Bohol a 1621, aka murƙushe shi. Wanda ke neman aiki ko muƙami ya ga haruffan Turawa ne ke biya, sai baybayin ya zama na tsofaffi, daga nan ya zama na ba kowa. Lokutan da ake rera waƙoƙin jarunta kuma aka cika su da wani abu dabam. A 1704 Gaspar Aquino de Belen ya wallafa pasyon, labarin wahalar Yesu Almasihu a waƙe cikin Tagalog, kuma har yau akan kwana ana rera irinsa a makon Ista, bi da bi, kamar yadda kakanni ke kwana a kan labarin jarumansu. Tukunyar ta tsira, miyar ce aka canja. Sa'an nan Amurkawa suka zo, a 1901 suka sauke malamai fiye da 500 daga jirgi guda mai suna Thomas, suka shimfiɗa makarantu da Ingilishi a ko'ina, ɗan makaranta ya tashi ya fi sanin labarin Amurka da na kakarsa.

Ko abin da aka rubuta ma bai fita lafiya lau ba. Waƙar mutanen Iloko, labarin Lam-ang, jaririn da ya yi magana ran da aka haife shi ya zaɓi sunansa da kansa, wanda babban kifi ya haɗiye, zakaransa da karensa suka ta da shi daga ƙasusuwa, ta iso mu ne bayan ta bi ta hannun marubuta Kiristoci. Shi ya sa uban jarumin ya zama Don Juan, amaryarsa ta zama Ines, aka kuma ɗaura musu aure a coci.

A wurinmu darasi na farko ke nan. Adabin baka yana rayuwa ne muddin yana da aikin yi a cikin jama'a. Ranar da aka raba waƙa da gonarta ko da makokinta, ta kama hanyar kabari, ko da ba wanda ya kunna ashana. Mutanen Hanunuo Mangyan na tsibirin Mindoro sun tabbatar da haka ta ɗaya fuskar. Har yau akwai masu sassaƙa ambahan, waƙa mai gaɓa bakwai a kowane ɗango, a jikin gora da tsohon rubutunsu, saboda da ita saurayi ke neman aure, da ita ake yi wa baƙo maraba, da ita uba ke yi wa ɗa faɗa ba tare da ya kunyata shi ba. Gora takan ruɓe cikin 'yan shekaru, amma mai bukata yakan kwafe kafin ta ruɓe.

DOKAR DA BA A TAƁA YI BA

Darasi na biyu ya fi ɗaci, kuma mu 'yan boko ya fi shafa. Mutumin da aka daɗe ana gaya masa ba shi da tarihi yakan kamu da ƙishirwa, mai ƙishirwa kuwa ba ya duba tsabtar ruwa. A 1914 wani mutum mai suna José Marco ya kai wa ɗakin karatu na ƙasa a Manila wasu takardu, ya ce wani limami ne ya rubuta su tun a ƙarni na 19. A ciki akwai dokoki 18 da aka ce wani basarake mai suna Kalantiaw ya kafa a 1433. Dokokin kansu sun isa su sa mai hankali ya yi shakka, domin cike suke da hukunce-hukunce na ban mamaki, kamar a miƙa mutum ga tururuwa saboda ya kashe baƙar kyanwa lokacin tsayuwar wata. Amma jama'a na son a ce kakanninsu na da rubutacciyar doka kafin Bature, sai aka rungume ta. Aka sa ta a littattafan makaranta, yara suka haddace ta domin jarrabawa, aka gina wa Kalantiaw wurin tunawa a lardin Aklan, aka raɗa wa jirgin ruwan yaƙi sunansa, a 1971 kuma Shugaba Marcos ya ƙirƙiro lambar girma da sunansa domin alƙalai.

A 1968 William Henry Scott, wani Ba'amurke da ya daɗe zaune cikin mutanen duwatsun Luzon, ya gabatar da kundin digirinsa na dakta a jami'ar Santo Tomas. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya nuna kurakuran kwanan wata da abubuwan da ba su dace da zamaninsu ba, ya tabbatar cewa ba wata shaida ta Kalantiaw da ta girmi Marco kansa. Watau mutumin ƙaga shi aka yi. Duk da haka, sai a 2004 hukumar tarihi ta ƙasar ta fito fili ta ce dokar jabu ce. Shekara 36 ke nan tsakanin bayyanar gaskiya da amincewar hukuma. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan furen ya daɗe bai kaɗe ba.

Abin takaicin shi ne, a shekarun da ake haddace dokar ƙarya a aji, tsofaffin da ke ɗauke da dubban ɗangwaye na gaskiya suna mutuwa a kan duwatsu ba wanda ya tambaye su. Dalili kuwa a fili yake. 'Yan bokon ƙasar sun karɓi ma'aunin Bature, cewa wayewa ita ce rubutacciyar doka da sarki mai kundin hukunci, saboda haka suka nemi abin da ya yi kama da na Bature, suka raina tsohuwa mai waƙa a gonar shinkafa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ba dukkansu ne suka faɗa ramin ba. Isabelo de los Reyes yana ɗan shekara 25 ya buga littafinsa na al'adun gargajiyar Filifin a 1889, ya tattara abin da ya ji a ƙasar Iloko. José Rizal ya zauna a babban ɗakin karatu na Landan ya kwafe littafin Antonio de Morga na 1609 da hannunsa, ya sake buga shi a Faris a 1890 tare da sharhi, domin ya nuna wa 'yan'uwansa, da shaidar Bature kansa, yadda kakanninsu suke kafin mallaka. Turawan Sifen sun harbe shi a 1896, amma hanyar da ya bi, ta kafa hujja da abin da za a iya dubawa, ita ce ta ɗore.

MASU CEWA INA RUWANMU

Mun san akwai mai cewa, ƙasar da ke fama da talauci da rashin aikin yi, ina ta ga lokacin tatsuniya? Muna amsa masa da cewa Darangen kundin shari'ar gargajiya ce da ladabi, Hudhud kuwa makarantar sulhu ce da ta noma. Jami'in gwamnatin da aka tura ya sasanta rikici a cikin mutanen da bai san abin da suke ɗauka girma ko abin kunya ba, ko da digirinsa nawa ne, baƙo ne a wurin. Akwai kuma mai cewa waɗannan abubuwan jahiliyya ne, barinsu ya fi. Wannan magana an yi ta a cikin Maranao ma, kuma ba mu raina damuwar mai yin ta ba. Sai dai kakannin Maranao, waɗanda suka tsare addininsu da takobi shekaru aru-aru, su ne suka rubuta waƙar da haruffan Larabci suka ajiye wa jikoki. Sun bambance tsakanin sanin abin da kakanni suka faɗa da bauta wa abin da suka bauta wa.

Akwai kuma masu ganin an riga an gama aiki, tun da yake hukumar UNESCO ta sanya Hudhud cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2001, ta sanya Darangen a 2005, gwamnatin Filifin kuma ta kafa doka a 1992 ta karrama gwanayen gargajiya masu rai da ba su alawus domin su koyar, kamar Ginaw Bilog mai ambahan wanda aka karrama a 1993. Waɗannan matakai ne na kirki, muna yaba su. Amma takardar yabo ba ta yin amshi. Matasan Ifugao na barin gona suna tafiya birni, masu jagorar waƙa suna tsufa, harshen Darangen kuma tsoho ne wanda samari kaɗan ke fahimta. Yaƙin da aka yi wata biyar a birnin Marawi a 2017, wanda ya rushe tsakiyar babban birnin Maranao, ya nuna cewa ko abin da ke rubuce a akwatin gida yana iya salwanta a dare ɗaya. Abin da ya rage wa mutane kwanciyar rai shi ne Jami'ar Jihar Mindanao da ke Marawi ta riga ta tattara Darangen ta buga shi juzu'i-juzu'i tare da fassara tun daga shekarun 1980.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma manyan tarin tatsuniyoyinmu na farko da aka buga, baƙi ne suka tattara, irin su Frank Edgar daga 1911 zuwa 1913 da R. S. Rattray a 1913, ko da yake malamanmu ne suka rubuta musu da ajami. Mu ma muna da haruffan da boko ya ture gefe. Saboda haka labarin Filifin ba baƙo ba ne a kunnenmu, kuma ga abin da muke kira gare shi.

Na farko, duk wanda zai je gida hutu, a aljihunsa akwai wayar da ta fi na'urar Jocano ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya zauna gaban kakarsa, ko gaban makaɗin noma ko na maharba da ya rage a garinsu, ya nemi izini, ya ɗauka. Ya rubuta sunan mai faɗa, da garinsu, da ranar, da wurin wanda ya koya, da lokacin da ake yin waƙar. Abin da ba shi da wannan salsala, gobe ba za a iya bambance shi da ƙage ba.

Na biyu, kada mu gyara. Abin da tsohuwa ta faɗa, a rubuta shi yadda ta faɗa, da karin harshenta, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Wanda ya goge abin da yake jin kunya ya ƙara abin da yake so a ce an yi, ya bi sawun Marco ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Na uku, 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga aikin gwamnati, musamman a ma'aikatun ilmi da na al'adu da gidajen rediyo, ku ne za ku zaɓi abin da zai shiga littafin yara. Kafin ku sa hannu a kan wani labari na asalin gari ko na sarauta, ku tambayi inda aka samo shi, ko da mai kawo shi babba ne, ko da labarin yana faranta wa garinku rai. Ma'aikata ne irinku suka bar Kalantiaw a manhajar makaranta shekaru da yawa bayan an tone asirinsa, domin ba wanda ya so ya zama mai ɓata wa jama'a daɗi.

Sunan Hugan-an ya shiga littattafan jami'o'i ne saboda wani saurayi ya ɗauki wahalar hawa dutse ya zauna ya saurare ta kwana da kwanaki. Da ya jinkirta shekara ashirin, da wataƙila ya tarar da kabari. Tsofaffinmu ma ba za su jira mu gama digiri mu sami aiki mu huta ba. Hutu mai zuwa ya isa a fara. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma tsare mu daga son zuciya a cikin neman ilmi, amin.